Ƙanina Ya Riƙe Mini Tebur

Ni barunje ne, wato mahauci, kamar yadda ake kiranmu a wajenmu. Teburin da nake sayar da nama a kasuwar Jega na mahaifina ne, kututturen da nake sara a kai ma nasa ne, tsakiyarsa har ya lotsa kamar turmi. Tun ina sakandare nake sammako zuwa kwata, in taya fiɗa, in saɓa cinyar sa a kafaɗa in fito da ita bakin hanya. Ban taɓa ɗaukar bayana a matsayin abin da ake lallaɓawa ba.

Ciwon bai zo mini rana ɗaya ba. Da farko nauyi ne a ƙugu idan na daɗe a tsaye, in sayi magani a kemis ya lafa. Daga baya ya gangara cinyar hagu har zuwa yatsun ƙafa, kamar an zura mini waya mai zafi. Na yi shekaru a haka. Sai da ta kai ina sallah a zaune, ina saran ƙashi da hannu ɗaya ɗayan na dafe da tebur, sannan na yarda aka kai ni Aliero wajen masu ɗori. Tsohon da ya duba ni ya kwantar da ni rub da ciki a tabarma, ya bi gadon bayana da babban yatsa tun daga wuya har ƙugu, ya tofa addu'a. Ya ce, "Ɗana, wanga ba karaya ba ta, ba kuma targaɗe ba na. Babu abin da za ni ɗorawa. Ka tahi asibiti a yi maka hoto."

A Sakkwato aka yi hoton, maiɗakina da ƙanina na tare da ni. Likita ya nuna mini wani ɗan guringuntsi tsakanin ƙasusuwan baya da ya fito ya danne jijiya, ya ce sai an yi aiki an rage shi. Ni da nake raba ƙashin bayan sa kullum, na gane abin da yake nufi tun kafin ya gama, kuma sanin bai rage mini tsoro ba. Kafin in koma Sakkwato a yi aikin na naɗe wuƙaƙena da gatarina a buhu na miƙa wa ƙanina. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ke taya ni a tebur tun rasuwar mahaifinmu. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, amma a kasuwa ba a san shi da komai ba sai ƙanin wane. Ya karɓi buhun da hannu biyu ya ce, "Yaya, ka tahi da hankali kwance. Yadda ka bar tebur haka za ka ishe shi."

Da na farfaɗo daga aikin, abin da na fara nema shi ne zafin nan na ƙafar hagu. Babu shi. Maimakon in yi murna sai na kwanta shiru ina saurare, don na ɗauka ɓuya ya yi yana jiran in motsa. Ina ganin tun daga wannan gadon na fara rashin yarda da komai.

Aka dawo da ni Jega a kwance a kujerar baya, direba na kauce wa ramuka. A gida maiɗakina ta cire katifarmu mai laushi ta sa wata mai tauri, ta ɗaure mini bel ɗin da aka ba mu a ƙugu. An hana ni sunkuyo, an hana ni ɗaukar komai, an hana ni daɗewa a zaune. Mutumin da ya saba yini cikin hayaniyar kasuwa, idan aka kwantar da shi a ɗaki yana kallon rufi, kunnensa ne ke yin aikin da hannunsa ya daina. Na san takun kowa a tsakar gida. Na san lokacin da masu dubiya ke rage murya a zaure kafin su yi sallama. Su shigo su ce, "Jiki ya yi kyau," alhali idonsu na kan bel ɗin.

Kullum da la'asar ƙanina yakan zo da nama a leda, ya zauna bakin ƙofa ya ba ni labarin kasuwa, ya ajiye abin da aka samu a gefen filo. Ban taɓa samun ƙarancin cefane ba, wannan dole in faɗa. Amma wata rana ina cin tuwo na ji naman yana gardama da haƙori. Washegari na ce wa maiɗakina ta kawo mini ledar kafin ta wanke.

"Ɗanye za ka ci?" in ji ta tana dariya.

"Ke dai kawo."

Na buɗe. Tsokar ta yi duhu, kitsen rawaya ne, siriri, irin na tsohuwar saniyar da ta sha tafiya. Ni kuwa shanun da nake yankawa daga hannun mutum ɗaya suke fitowa, wani dattijon Bafillace na wajen Giwa Tazo da muke kira Baffa. Shanun gudali yake turkewa, ya ciyar da su harawa da dusa, kitsensu fari tas, ya kawo su kara, wato wurin cinikin shanu, a Maiyama ranar kasuwa. Tun zamanin mahaifina yake ba mu sa mu yanka mu sayar sannan mu kai masa haƙƙinsa. Wannan naman ba na turken Baffa ba ne.

Da ƙanina ya zo na tambaye shi kamar ba komai, "Ƙaƙa Baffa?"

"Lahiya lau shike. Shina gaishe ka."

Bai kalle ni ba da ya faɗa, yana ta gyara zaman hularsa. Na riƙe abin a ciki.

Da ɗinki ya warke aka tura ni wajen gashin ƙashi a wani asibiti a Birnin Kebbi. Na tafi da tsammanin ruwan zafi da tausa. Sai na tarar da wani matashi mai Hausar gabas, ya kwantar da ni a wani siririn gado ya ce in tsuke cikina kamar wanda za a nausa, in ci gaba da numfashi. Ya ce in lanƙwashe gwiwa in ɗaga ƙugu, in sauke a hankali. Ya koya mini yadda zan mirgina gefe kafin in tashi daga kwance, kamar jariri. Ya jefar da mabuɗinsa a ƙasa ya ce in ɗauko, da na fara sunkuyawa ya tare ni, ya nuna mini in durƙusa da gwiwa bayana a miƙe.

Na ce, "To gashin fa?"

Ya ce, "Shi ke nan muke yi, Malam. Naman da ke riƙe bayanka ne ya yi sanyi, shi za mu tayar."

Na fito ina ƙunƙuni. Na biya mota tun daga Jega don a ce mini in tsuke ciki. Na raya a raina jan abin kawai yake yi don in yi ta zuwa. Duk lokacin da na tambaye shi yaushe zan koma kasuwa, amsarsa ɗaya ce, da saura. Duk da haka ina yin abin da ya ce, safe da yamma a kan tabarma, yarana na leƙe suna ƙunshe dariya. Na yi ne don kada wani ya ce ni na ƙi.

A wani zuwa da na yi, ina kwanciya matashin mai gashi ya ce, "An ce ka ɗauki bokitin ruwa zuwa makewayi."

Ban gaya wa kowa ba. Da hantsi na yi, lokacin da na ɗauka babu kowa a tsakar gida. Na ci gaba da tsuke ciki har muka gama. Da na dawo gida na tarar da maiɗakina tana tankaɗe.

"Wa yag gaya wa mai gashi zancen bokiti?"

Ba ta ɗago ba. "Ni nik kira shi. Tun ranar da nir raka ka nik karɓi lambarshi. In ka sake ɗauka, in sake kira."

Na shiga ɗaki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in tana kiran mai gashi ban sani ba, me kuma take yi ban sani ba? Sai na tuna yadda take raka ƙanina har zaure idan ya tashi tafiya, su tsaya suna magana ƙasa-ƙasa. Da na ɗauka zancen cefane ne. Yanzu sai na ga kamar bakinsu ɗaya su uku, ita da shi da mai gashi, an shirya a ajiye ni a ɗaki.

Cikin waɗannan kwanaki Sarkin Fawa ya zo dubiya. Ya daɗe yana addu'a, ya yi zancen tsadar shanu, sannan da zai tashi ya ce, "Ƙanin nan naka ya yi ƙoƙari ƙwarai. Hannunshi ya hwaɗa. Mutum in Allah ya ba shi magaji tun shina da rai, ai sai godiya." Na ce haka ne. Bayan fitarsa na yi ta juya kalmar nan ta magaji. Ni ban mutu ba, ban kuma ce na ajiye wuƙa ba. Wa ya kai masa wannan zance?

Abu ɗaya da mai gashi ya ba ni wanda na karɓa hannu biyu shi ne tafiya. Ya ce in riƙa takawa kullum ina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Na fara da masallacin unguwa, na kai bakin titi, na kai tasha. Maiɗakina tana murna wai na dage. Ba ta san inda nake auna wa ba. Ranar da ƙafata ta kai ni kasuwa ban bi ta layin 'yan nama ba. Na zagaya ta wajen masu albasa na tsaya bayan tarin buhuna, inda nake hango teburina.

Ƙanina na tsaye a gurbina, ya ɗaura zanen aikina a ƙugu, yana sara da gatarina. Saransa ya yi kyau, ban ji daɗin ganin haka ba. Ga wata mai tuwo a tasha, wadda ta daɗe tana sayen nama a wurina, tana tsaye da robarta suna raha, ya ƙara mata gyara fiye da yadda nake ƙarawa. Sai idona ya sauka a kan wani abu a bayansa, jingine da bango. Tebur ne sabo, katakonsa ko jini bai taɓa ba, an kife shi an rufa masa buhu.

"A'a, ashe kana tahiya?" Mai albasar da nake tsaye bayan kayansa ne ya gane ni. Ya dube ni sama da ƙasa. "An ce ƙarhe anka sa maka ga baya, ba ka ƙara tsayuwa bisa tebur."

"Wa yac ce?"

"Haka dai aka hwaɗi cikin kasuwa."

Babu ƙarfen da aka sa mini. Mutum uku ne suka ji bayanin likita a Sakkwato, ni da maiɗakina da ƙanina. Na koma gida a hankali, bayana bai yi ciwo ba. Da la'asar ya zo da ledarsa kamar kullum, na karɓi gaisuwarsa, na bar shi ya yi ta labari. Bai ambaci sabon tebur ba.

Ranar kasuwar Maiyama na ce wa maiɗakina zan taka zuwa tasha. Na ɗaure bel a ƙarƙashin riga, na kama kujerar gaba ni kaɗai don kada a matse ni, na sa direba ya tsaya sau ɗaya a hanya na sauka na miƙe. Ban yi tafiyar nan ba tun kafin aikin. Da na shiga kara, warin kashin shanu da ƙurar kofato suka bugi hancina, sai na ji kamar an mayar mini da wani abu nawa.

Baffa na zaune a inuwar da ya saba, sandarsa a kafaɗa, bijimai biyu a ɗaure kusa da shi. Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo hannu.

"Barunje, kai na? An ce mani ka kwanta ke nan."

Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi ruga. Sannan na ce masa naman da ake kawo mini gida ba nasa ba ne.

"Ba nawa ba na," in ji shi. "Ƙaninka ya zo. Ya taya sa kamar baƙo, ban sallama ba. Ya koma wajen dillalai." Ya kaɗe ƙuda. "Ya sake dawowa. Yac ce in ya buɗe tebur nashi na kanshi, ko ina ba shi sa yadda nika ba ka. Nic ce sai na ji daga bakinka."

To, ga shi nan. Abin da na yi ta zargi a kwance ya tabbata, aƙalla rabinsa. Na ɗauka zan ji sanyi don na yi gaskiya, amma ban ji ba. Na tashi na nufi bijimin da ya fi cika ido, don in nuna wa Baffa, da duk mai kallo, cewa ban kwanta ba. Na shafa tozonsa, na danna haƙarƙari, na kama gindin wutsiya. Da zan taɓa ƙirjinsa na durƙusa da gwiwa bayana a miƙe, yadda mai gashi ya koya mini. Na lura Baffa na bin kowane motsina da ido, irin kallon da yake wa dabbar da ake son sayar masa.

Ina miƙewa wani mai babur ya ratso kusa yana hon. Bijimin ya zabura ya fizgi igiya. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya riga ni, na cafke igiyar na turje. Wani abu ya tsarga mini a ƙugu kamar an soka tsinke. Na saki. Mutane suka riƙe bijimin, ni kuwa na tsaya ƙiƙam na kasa gaba na kasa baya, gumi na keto mini. Baffa ya kama hannuna ya kai ni inuwa, ya jingina ni da itace, ya ba ni ruwa a gorarsa.

Da numfashina ya daidaita na ce masa ina son bijimin, zan dawo aiki.

Ya girgiza kai a hankali. "In na ba ka, wa za ya kayar, wa za ya ɗauka? Ka tahi ka warke, barunje. In na ji ka tsaya bisa teburinka, ga shanu nan."

Wannan ta fi fizgar igiyar zafi. Na je in tabbatar da zargina a kan wani, na tarar ni ma ba a yarda da ni ba. Na shiga motar komawa gida. Ina ta motsa yatsun ƙafar hagu cikin takalmi, ina jiran wayar nan mai zafi ta dawo. A ƙofar gida na gyara tafiyata, amma maiɗakina na ganina ta kalli ƙafafuna da suka yi buɗu-buɗu da ƙurar kara. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ɗauki wayarta ta fita tsakar gida ta kira mai gashi, wannan karon ba ta ko rage murya ba.

Washegari muna Birnin Kebbi. Mai gashi ya ɗaga ƙafata a miƙe yana tambaya ko zafin na sauka, ya sa na taka da dunduniya, na taka da yatsu, ya danna nan da can. Ya ce nama ne ya ja, aikin bai taɓu ba, in huta kwana kaɗan mu ci gaba. Ban yarda nan take ba, sai da na sa ya maimaita. Na jira faɗa, bai yi ba. Ya jawo kujera ya zauna.

"Malam, na ga alama ko na ce da saura, tafiya za ka yi. To nuna mini aikin naka. Ina teburin yake kai maka?"

Na nuna masa, ƙasa da ƙugu. Ya sa na kwatanta yadda nake yanka, yadda nake ɗaga gatari, yadda nake juyawa in miƙa wa mai saye. Ya ce a ɗaga teburin har ya kai cibiya. In sami doguwar kujera in riƙa ɗosana jiki. In ajiye bulo a ƙasa in riƙa ɗora ƙafa ɗaya ina canzawa. In zan juya in juya da ƙafafuna gaba ɗaya. Ɗaukar nama a kafaɗa kuwa, da kayar da sa, da fasa manyan ƙasusuwa, ya ce in bar wa wani. Kuma in fara da rabin yini, azahar ta yi mini a gida.

Na ce, "Barunjen da ba ya ɗaukar nama ai sunan kawai ya rage."

Ya ce, "Wanda ya kwanta ma ba ya ɗauka."

Da ciwon bayan ya lafa na yi sammako zuwa kwata ba tare da na aika wa ƙanina ba. Na same shi tsugune yana fiɗa, hannunsa jina-jina. Da ya gan ni ya miƙe da wuƙar a hannu. Na ce ya gama, ina jira. Da ya gama muka koma gefe inda ba kowa.

"Na tahi Maiyama," na ce. "Na ga Baffa. Na kuma ga teburin da ka kihe bayan nawa."

Ya daɗe yana goge hannu a zane. Sannan ya ce, "Yaya, na daɗe ina son tebur nawa. Tun kahin ciwon ga ya kwantar da kai. Ɗiyana suna girma, har yau ƙanin wane aka ce mani. Na so in hwaɗa maka, sai ga zancen aiki. Ƙaƙa za ni zo kana kwance in ce ina son tashi? Mi mutane za su cewa?"

"Shi ya sa kab bari sunka ce an sa mani ƙarhe?"

Ya ɗago da sauri. "Wallahi ba daga bakina ba."

"Ka ji ana hwaɗi?"

"Na ji."

"Ka ƙaryata?"

Ya kalli ƙasa, ya kalli masu wankin tumbi. Har yau ban san ko shi ya fara zancen ba, ko kuwa jin sa kawai ya yi ya ga bai ɓata masa komai ba ya ƙyale. Na tambaye shi abin da suke tattaunawa da maiɗakina a zaure. Ya ce roƙonsa take kada ya kawo mini labarin da zai sa in tashi in nufi kasuwa. Da na tambaye ta daga baya, ita ma haka ta ce, kalma bisa kalma, daidaituwar da ta ƙara mini zargi.

A gaban Sarkin Fawa aka gama maganar. Ƙanina zai kafa teburinsa a layinmu, daura da nawa. Kafin in ƙara ƙarfi, sa ɗaya za mu riƙa yankawa mu raba, ni in zaɓo a kara, shi ya kayar ya fiɗe, masu baro su kawo. Manyan ƙasusuwa a kututturensa za a fasa. Sarkin Fawa ya yi addu'a ya ce haka ake son 'yan'uwa, kamar ba shi ne ya zo har ɗakina ya yi mini zancen magaji ba. Ƙanina ya dawo mini da wuƙaƙena a wanke, an wasa su. Gatarin na ce ya riƙe.

Kafinta ya ƙara wa teburina ƙafafu, ya haɗa mini doguwar kujera. Ranar da na koma, 'yan layinmu suka yi ta zuwa kallo. Wani masunci abokin wasanmu ya ce ai na zama mai shayi, saura butoci. Wani ya zo ya rungume ni, na ji tafin hannunsa na lalube a gadon bayana, ƙarfen yake nema. Na ɗaga riga na nuna masa tabon, ɗan guntu ne bai kai tsawon yatsa ba. Ya ce, "Ikon Allah," ya tafi, ban ga alamar ya gamsu ba.

Na fara yanka. Hannuna bai manta ba, wuƙar na bin tsoka yadda ta saba. Tsayin teburin ne ya zame mini baƙo, sai na riƙa jin kamar a shagon wani nake. Ina ɗosana jiki a kujera, in tashi, in canza ƙafa a kan bulo, in tsuke ciki kafin in jawo wani yanki. Rabin hankalina na kan masu saye, rabi na kan ƙuguna. Wasu tsofaffin abokan cinikina sun dawo, sun yi mini barka. Wasu sun gaishe ni daga nesa sun tsaya a teburin ƙanina. Mai tuwon tasha na cikinsu. Ta ɗaga murya ta ce, "Sannu da tashi, ƙaƙa baya?" Na ce da godiya. Ta miƙa masa robarta.

Da rana ta take, ladan bai kira ba tukuna, na ji ƙugun ya fara nauyi. A da sai in cije in kai magariba. Na kalli naman da ya rage a kan tebur, kashi-kashi, mai kyau, lokacin da masu sayen rana ke fara shigowa. Na daɗe ina kallo. Sannan na goge wuƙaƙena na naɗe, na kira ƙanina na ce ya haɗa da nasa ya sayar mini.

"To, Yaya. Ka tahi ka huta."

Kafin in juya na bi kashin naman da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya ga na ƙirga. Ya fara kwashewa zuwa teburinsa yana jera su a gefe guda, nesa da nasa, inda kowa zai ga ba a haɗa ba. Na bi ta layin masu albasa na fita kasuwa, ina takawa a hankali, na nufi masallacin unguwarmu. A sahu na tsaya da ƙafafuna, na yi ruku'u a hankali, mutumin da ke gefena ya riga ni ɗagowa.